Kuɗin abinci a wurin wasannin yara: nawa ake warewa, kuma ta ina yake zurarewa?

Maman_Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa kai ƙananan yara manyan wuraren wasannin nan masu lilo da majaujawa da ƙaramin jirgin ƙasa, irin waɗanda ake shiga tun safe sai dare a fito. Hutun nan za mu je in Allah ya yarda, ni da maigida da yara uku: babbar shekararta 7, mai bi mata 4, sai auta da bai cika 2 ba. Wuni huɗu za mu yi a cikin wurin, kwana biyar a otal. Tikiti an biya, otal an biya, kuɗin hanya mun san iyakarsa. Abinci ne kawai muka kasa tsayar da magana a kansa. Maigida ya ce hutu za mu je, ba zai riƙa yawo da kula kamar mai ƙaura ba, a sayi komai a ciki. Ni kuwa da na leƙa farashin abincinsu a intanet sai da na ajiye wayar na sha ruwa. To yaya ake lissafin nan? Sannan akwai wani tsari da suke tallatawa na biyan kuɗin abinci gaba ɗaya tun kafin a je. Akwai riba a ciki ko wayo ne kawai?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Duk abin da kika lissafa ki ninka shi biyu. Na gama magana.

Anti_Rabi:
Kai Baban Sadiq, baiwar Allah ta zo neman shawara kai kuma ka zo tsorata ta. Maman yara, kafin komai ki gaya mana, ɗakin da kuka kama akwai firji? Kuma karin kumallo yana cikin kuɗin ɗakin ko daban ake biya? Amsar tambayoyin nan biyu ita ce rabin kasafinki.

Maman_Uku:
Anti Rabi, akwai ƙaramin firji da butar dafa ruwa. Karin kumallo ba ya ciki.

Malam_Lissafi:
Hajiya, kada ki fara da tambayar "nawa za mu kashe". Ki fara da "sau nawa za mu zauna cin abinci, kuma faranti nawa a kowane zama". Kuɗi na canzawa daga wuri zuwa wuri, amma cikin yaro ba ya canzawa.

Ki ɗauki farashin farantin babba guda ɗaya a wurin da ake saya a tsaye a ɗauka, ba wurin da ake zama a kawo wa mutum ba. Shi ne ma'auninki. Ku biyar ne, amma ba faranti biyar za ku ci ba. Auta a hannunki zai ci. Mai shekara 4 ba zai gama farantin yara ba, wannan ko rantsuwa zan iya yi. Saboda haka zama ɗaya bai wuce farantin manya biyu da na yara ɗaya ko biyu ba, a ce kuɗin faranti uku da rabi. In sau biyu za ku ci a ciki kullum, faranti bakwai ke nan a wuni, 28 a wuni huɗu. In kuwa sau ɗaya ne, ya koma 14. Kin ga tun ba a je ko'ina ba, shawara ɗaya tak ta raba kuɗin gida biyu.

Sai ki ƙara kuɗin faranti biyu kullum na kayan ƙwalama da abin sha. Sai kuɗin sayayyar da za ki yi a kanti ranar da kuka sauka. Sai ki ɗora kashi ɗaya cikin biyar na jimillar saboda abin da ba a zata ba. Kada kuma ki manta da ranar zuwa da ranar komawa, su ma ana cin abinci, kuma su ne kowa ke mantawa.

Ummu_Tagwaye:
Malam, lissafinka ya yi kyau a takarda, amma faranti biyu na ƙwalama ya yi kaɗan, ka yarda da ni. Mu da muka je da tagwayena suna shekara 5, na tara rasit ɗin komai a cikin wata 'yar leda, don ni da babansu mun yi musu kan inda kuɗin ya tafi. Da muka dawo na baje su a kan gado na ware gida biyu: abinci na gaske gefe guda, sauran tarkace gefe guda. Wallahi tarkacen sun fi. Ruwan gora, lemo, askirim, gugguru, alewa mai kan sanda, wani lemon kuma don na farko ya zube. Babu ɗaya a ciki da za ka ce mai tsada ne har ka tsaya tunani, shi ya sa hannu ke ta miƙa kati ba a ji ba. Abincin rana kuwa sai da muka tsaya muka yi shawara kafin mu saya, shi ya sa bai cuce mu ba.

Abin da na gane daga baya shi ne yawancin sayayyar nan a kan layi aka yi ta ko bayan an fito daga layi. Yaro ya tsaya minti arba'in cikin rana, ƙafa ta gaji, ya fara ƙananan koke-koke, ga mai tura keken askirim a daidai inda layin ya lanƙwasa. Ba don yana jin yunwa ba, gajiya ce da ƙishirwa. Ke kuma kina son zaman lafiya, sai ki saya.

Baban_Sadiq:
To kun ji dai. Na ce a ninka biyu aka ce ina tsoratarwa.

Dan_Kasuwa77:
Ai ba kuskure ba ne da kika ga mai askirim a wannan lungun, Ummu Tagwaye. Ni ɗan kasuwa ne, na san aikin. Tikiti shi ke shigo da mutum, amma abinci da tsaraba su ne ake ci gaba da tatsa har dare. Da zarar ka wuce ƙofa ba ka da wani mai sayarwa sai su, kuma fita waje neman abinci zai cinye maka awa ɗaya ko biyu daga wunin da ka riga ka biya. Sun san wannan sarai. Ku lura ma, wasanni da yawa in ka sauka, hanyar fita ta cikin shago take bi, kuma kayan zaƙi a ƙasa-ƙasa ake jera su, daidai idon yaro. Ban ce zalunci ba ne, kasuwa ce. Amma wanda ya san dawan garin ba a yi masa sakiyar da ba ruwa.

Matafiyi:
Kafin a ci gaba da maganar kula da guzuri, ya kamata a san ko wurin ma yana barin a shiga da abinci, don dokokin sun sha bamban ƙwarai. Misali Disney World da ke Florida a Amurka suna barin mutum ya shiga da abincinsa da abin sha marar giya, muddin ba sai an ɗumama shi ba. Ba sa yarda da kwalba, sai ƙananan kwalaben abincin jarirai. Tun 2019 suka hana shiga da ƙanƙara a warwatse cikin kula, sai dai jakar sanyi da ake daskararwa ko gorar ruwa daskararriya. Kular ma tana da iyaka, kada ta wuce santimita 61 a tsawo, 38 a faɗi, 46 a tsayi. Maƙwabtansu Universal kuwa sun fi tsanani: ƙananan kayan taɓawa, abincin jarirai, abincin masu lalura, da ruwa da bai wuce lita 2 ba, amma ba cikakken abinci ba. A Disneyland ta Tokyo kuma ba a cin abincin gida a ciki, sai dai sun ware wurin zama a wajen ƙofa, ka fita ka ci ka dawo. Kun ga duk sunan Disney ne, amma dokar Amurka daban, ta Japan daban.

Don haka Maman Uku, ki shiga shafin wurin da za ku je ki karanta dokar da idonki, a makon da za ku tafi, don suna sauyawa. In suna barin fita a dawo, ki tambaya ko hatimi suke bugawa a hannu ko tikitin ne kawai.

Zee_Baby:
Ni fa ko sun hana shiga nake da abuna. A ƙasan jakar famfas nake jerawa, in ɗora kayan jariri a kai, ba mai tonawa har ƙasa hhhh

Abu_Yasmin:
Ƙanwata, wannan ba shawara ba ce. Ka sayi tikiti ka amince da sharaɗinsu, sannan ka zo kana ɓoye-ɓoye a gaban 'ya'yanka. Yarinya mai shekara 7 tana gani fa, kuma ita ce za ta fara cewa "Mama kin manta ba ki nuna masa burodin ba" a gaban mai gadi.

Zee_Baby:
Yaya Abu Yasmin, su da suke sayar da ruwa ninki huɗu ba ka yi musu wa'azi ba sai ni?

Anti_Rabi:
Ku bar wannan. Zee, in sun kama ki kwandon shara za su nuna miki, kin yi asara biyu ke nan. Kuma abincin jariri da na mai lalura galibi ba a hana shi, ki faɗa musu kawai a ƙofa.

Mu dawo kan firji. Maman yara, tunda kina da shi, karin kumallo ya fita daga lissafin wurin wasa gaba ɗaya. Ranar da kuka sauka, kafin ma a kwance jaka, a nemi babban kanti a sayi burodi, madara, abin shafawa, 'ya'yan itace, biskit, da ruwa manyan gorori. Yara su karya a ɗaki suna sa takalma. Ba kuɗi kaɗai kika tsira da shi ba, har lokaci, domin awa ta farko bayan buɗe ƙofa ita ce layi ya fi gajarta, bai kamata ku ɓata ta a teburin shayi ba. Ni tsarina kullum: safe a ɗaki, rana daga jaka, dare a saya mai zafi. Wasu suna juya shi, su sayi na rana su ci na dare a waje inda ya fi araha. Duk ɗaya ne, sau ɗaya dai a ciki.

Nas_Bilki:
Ina karantawa ina jin daɗi, amma bari in sa baki ta ɓangaren aikina, don kada garin gudun gara a faɗa gidan zago. Abinci mai saurin lalacewa, wato nama, ƙwai, madara, dafaffiyar shinkafa da makamantansu, ba a barinsa a waje ba sanyi fiye da awa 2. In zafin ya haura digiri 32, awa 1 ce kawai. Jakar da ke rataye a bayan keken yaro cikin rana tun ƙarfe tara, zuwa ƙarfe ɗaya ba abin ba yaro ba ne sai in akwai abin sanyi a ciki. Ki daskarar da gorar ruwa biyu ki sa su a jakar, su riƙe sanyi da safe, da rana sun narke ku sha. Madarar gwangwani kuma in an dama, cikin awa 2 ake sha, in yaro ya riga ya sa baki a fidar, awa 1, saura a zubar. Gara ki tafi da garin daban da ruwan daban ki dama a lokacin.

Sai abu na biyu, wanda ya fi damuna. Gugguru, gyaɗa da danginta, alewa mai tauri, da inabi ɗungurungum suna shaƙe ƙananan yara. Autanki kada ya taɓa gugguru sam, mai shekara 4 ma a zaune zai ci kina kallonsa, ba yana tafe yana tsalle ba. Inabi a tsaga shi ta tsawo tun daga ɗaki. Na faɗa ne domin a irin wuraren nan yayye kan miƙa wa ƙanne abin da ke hannunsu ba tare da uwa ta gani ba.

Maman_Uku:
Allah ya saka da alheri Nas Bilki. Wallahi ban taɓa kawo maganar gugguru a raina ba, kuma babbar tawa akwai son ba ƙaninta komai.

Ummu_Tagwaye:
Sannan don Allah kada ki sa ayaba a ƙasan jaka. Ni na yi. Zuwa azahar na zura hannu neman hular yaro, sai na ji hannuna ya nutse cikin wani abu mai ɗumi. Ta dame da hular, da kayan canji, da takardar otal. Tuffa ta fi haƙuri. In dole sai ayaba, a ci ta tun a layin shiga.

Abu_Yasmin:
Ba wanda ya amsa mata tambayarta ta biyu, ta tsarin biya tun gaba. Ni na taɓa saya kuma ban yi nadama ba. Ban ce na ci riba ta kuɗi ba. Amma kwana huɗu ban buɗe baki na ce wa yaro "wannan ya yi tsada" ba, ban kuma yi gardama da uwargida a gaban mai sayarwa ba. An riga an biya tun watanni, zafin ya wuce. Kwanciyar hankali ma abin saye ce.

Malam_Lissafi:
Abu Yasmin, na yarda da kai a kan kwanciyar hankali, amma Hajiya riba ta tambaya. Irin wannan tsari an gina shi ne a kan mai ci da yawa, mai zaɓar abin da ya fi tsada a kowane zama, wanda kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Iyali mai ƙananan yara kishiyar haka ne. Yaro ya ƙi ci, yaro ya yi barci, yaro ya ce shi soyayyen dankali kawai yake so kwana huɗu a jere. Ɗauki na Disney World, wanda suka dakatar a 2020 suka dawo da shi a Janairun 2024. Sai wanda ya sauka a otal ɗinsu ke iya saya, kuma ba a saya wa wasu a bar wasu: duk wanda ke ɗakin daga shekara 3 zuwa sama sai an sa shi a ciki, na dukkan kwanakin. Abin da ba ku ci ba zuwa daren ranar da kuka bar otal ya tafi, ba a mayar da kuɗi. Tukwicin masu kawo abinci ma ba ya ciki. Shi ya sa ake ganin mutane ranar ƙarshe suna kwasar alewa da biskit don kada rabonsu ya ƙone. Wannan ba riba ba ce, cike gurbi ne.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki rubuta abin da za ku ci da a ce da kuɗinku za ku saya, tsakani da Allah, ba abin da za ku ci don an riga an biya ba. Ki haɗa. In ya kai kuɗin tsarin, saya. In bai kai ba, ki zuba kuɗin a wani kati daban ki kira shi tsarinki.

Abu_Yasmin:
Katin daban ɗin nan shawara ce mai kyau, ban musa ba. Sai dai kuɗin da ke katinka kana ganin yana raguwa, ran mutum kuma sai ya fara ƙuntata. Kowa dai da halinsa.

Matafiyi:
Tunda an ambaci shekaru, ga wani abin da ke ba mutane mamaki. A Disney World yaron da bai kai 3 ba ba ya biyan tikiti, kuma a wuraren ɗebi-da-kanka yana ci daga farantin iyayensa kyauta. Daga 3 zuwa 9 kuɗin yara. Daga 10 kuwa babba ne a wurinsu, ko da cokali uku yake ci. Maman Uku ke kin tsira a wannan karon, amma masu 'yan shekara 10 su sani. Kuma kowane wuri da inda ya ja nasa layin, wasu ma da tsawon yaro suke aunawa ba da shekaru ba.

Sai maganar haraji da tukwici. A Amurka farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba, sai an ɗora harajin sayayya a kai. Na jihar Florida kashi 6 cikin 100 ne, ƙananan hukumomi kuma su ƙara nasu. In wurin zama ne da ake kawo maka, ana sa ran tukwici kamar kashi 15 zuwa 20, kuma a Disney World in kun kai mutum shida su da kansu suke ɗora kashi 18. A Faransa da Japan kuwa abin da ka gani a rubuce galibi shi ne, a Japan ma ba a ba da tukwici. Wanda bai sa wannan a lissafi ba zai ga kasafinsa ya yi gibi bai san dalili ba.

Baban_Ihsan:
Wurin ɗebi-da-kanka ɗin nan ni ya taɓa yi mini illa, ba zan faɗi sunan wurin ba don laifina ne ba nasu ba. Na yi ajiyar tebur tun makonni, irin wanda masu shigar 'yan tsana ke zagayawa suna gaisa da yara. Na sa shi ƙarfe bakwai na dare, a raina wai mu rufe ranar da abin tunawa. Ihsan tana shekara 4 a lokacin, tun takwas na safe take gudu. Muna zama aka ɗebo mata abinci, ta ɗauki dankali ɗaya ta kai baki, sai na ga kai yana sauka a hankali. Kafin ɗan tsanan farko ya iso teburinmu ta yi barci, kumatunta a gefen faranti, dankalin a hannu. Hoton da muka samu ke nan: ƙaton ɗan tsana ya durƙusa yana ɗaga hannu kusa da yarinya mai minshari. Cikakken kuɗinta na biya. Ƙanenta kuma ganin ɗan tsanan ya tsala ihu, uwarsa ta fita da shi waje, ni kaɗai na zauna ina cin abincin mutum huɗu don kada a yi asara.

In za ki yi irin wannan zama mai tsada, sau ɗaya ya isa, kuma ki sa shi da safe ko da rana lokacin idonsu biyu.

Zee_Baby:
Wayyo cikina hhhh. Baban Ihsan don Allah hoton yana nan?

Baban_Ihsan:
Yana nan, ita ce ma take nuna wa baƙi yanzu.

Hajiya_Kaka:
'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni na kai 'ya'ya, yanzu jikoki nake rakawa. Maman Uku 'yata, ki yi tanadinki, amma kada ki mai da kanki mai gadin jaka. Na ga uwar da ta wuni tana cewa a'a, yara suna kallon na wasu suna lasar askirim, ita kuma tana tura musu biskit ɗin da ya farfashe. Da yamma kowa fuska a murtuke, har ita. Kun biya kuɗi mai yawa don ku shiga, kada ƙaramin abu ya ɓata babba. Ki yanke tun daga ɗaki: kowane yaro abu ɗaya a wuni, shi zai zaɓa, kuma a faɗa masa lokacin, misali bayan an ci abincin rana. Yaro in ya san nasa na zuwa yana iya haƙuri. Wanda bai san ko zai samu ba shi ne ke birgima a gaban kowane shago.

Shi ma maigidan naki ki duba maganarsa. Wa zai ɗauki jakar? In shi ne zai goya auta a wuya ya kuma rataya kula, ai dole ya ce a saya a ciki.

Baban_Sadiq:
Allah ya ƙara girma Hajiya. Yau dai an samu mai tsaya mana. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne fa jama'a. Ku ce a ɗauki gora shida, sannan a ce maigida rowa ce ba ya so ko almubazzaranci yake so. Kafaɗa ce take magana.

Anti_Rabi:
Ba wanda ya ce a ɗauki gora shida. Kowa da gorarsa guda, a riƙa cikawa. Yawancin manyan wuraren nan suna da famfon sha, kuma a na Disney da ke Amurka in ka je wurin sayar da abinci na tsaye ka nemi kofin ruwan sanyi suna bayarwa kyauta, ko ba ka sayi komai ba. Sauran kaya kuma ƙarƙashin keken auta za su shiga, ba kafaɗar kowa ba. Kuma Maman yara, ki nemi ɗakin kula da jarirai a taswirar wurin tun kuna shiga. Manyan wurare suna da shi, akwai wurin canza famfas da wurin shayarwa, wasu har da na'urar ɗumama abinci.

Uwar_Gida_Sabuwa:
Ni tambaya gare ni, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Yaro ɗan shekara 2 me zai tuna a wannan tafiya? Ba gara a jira su girma ba a huta da duk wannan lissafi?

Ummu_Tagwaye:
In an jira auta ya girma, babbar ta wuce shekarun, kuma ta koma biyan kuɗin manya. Ba lokacin da zai dace da kowa.

Malam_Lissafi:
Ƙari a kan maganar Hajiya Kaka. Mai shekara 7 ta isa a ba ta nata a hannu. Ambulan huɗu, kowace rana ɗaya, a gaya mata in ta rage na yau yana ƙaruwa a na gobe. Ɗana da na yi wa haka, yaron da ke nuna komai da yatsa, sai ga shi yana tambayar mai sayarwa farashi yana juya kuɗi a hannu, ƙarshe ya ce shi ba ya jin ƙishirwa sosai. Sai dai a duba, wasu wuraren yanzu ba sa karɓar tsabar kuɗi sai kati. In haka ne a yanka takardu a rubuta, ta riƙa miƙa wa babanta yana biya.

Nas_Bilki:
Malam, banda ruwa a cikin ambulan ɗin don Allah. Kada yaro ya ƙi shan ruwa don yana tara kuɗi. Ruwa na iyaye ne, a ba shi ko bai nema ba, musamman cikin zafi.

Malam_Lissafi:
Gaskiyarki, lemo nake nufi. Na karɓi gyara.

Dan_Kasuwa77:
Wani abu da ba a faɗa ba: lokacin cin. In kuka jira sai ƙarfe ɗaya, lokacin da kowa ke jin yunwa, za ku tarar da layi, ba wurin zama, yara na kuka, sai ku sayi abin da ya fi kusa ko nawa ne. Ku ci sha ɗaya da rabi. Mai yunwa ba ya ciniki. Sannan farantin manya a wurare da yawa yana da girma, guda ɗaya ya ishi yara biyu, wani lokaci ya fi sayen na yara biyu sauƙi. Ki tsaya ki kalli abin da ake miƙo wa na gabanki kafin ki yi oda.

Abu_Yasmin:
Wannan ya danganta da yaran. Nawa in ka haɗa su faranti ɗaya sai an yi shari'a kan wa ya ci yanka mafi girma. Kuɗin da na rage bai kai ciwon kan ba.

Anti_Rabi:
Sai ka nemi faranti na biyu ba komai a ciki ka raba musu tun kafin su gani, Abu Yasmin. Sai an koya muku komai.

Maman_Uku:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na shiga shafin wurin kamar yadda Matafiyi ya ce. Suna barin ƙananan kayan taɓawa da ruwa da abincin jarirai, amma ba sa barin kula mai tauri, kuma ana iya fita a dawo. Jiya da dare na zauna da maigida da lissafin Malam. Ya yarda da karin kumallo a ɗaki ba gardama. Na rana ne muka tsaya: ni na ce mu fita mu ci a waje mu dawo, yara ma su ɗan kwanta, shi ya ce in aka koma otal da rana ba mai sake fitowa, kuɗin tikiti ya tafi a barci. Tsarin biya tun gaba kuma da na gwada ya fi abin da za mu ci, amma shi har yanzu ransa na kai, maganar Abu Yasmin ce ta shige shi da na karanta masa.

Baban_Ihsan:
A kan komawa otal, nisan shi ne magana. In minti goma ne ku koma, yaran da suka yi barcin rana su ne ke kaiwa dare. In sai an shiga mota an yi tafiyar rabin awa an sake neman wurin ajiye ta, maigidanki ya fi ki gaskiya.

Ummu_Tagwaye:
Ku gwada naki ranar farko, nasa rana ta biyu, ki tara rasit. Amma kada ki nuna masa sai kun dawo gida.

Maman_Uku:
Minti ashirin ne a motar otal, kuma duk rabin awa take tashi. Anti Rabi, ƙaramin firjin nan na otal yana iya daskarar da gora kuwa? A hoton da na gani ba shi da gidan ƙanƙara.

Anti_Rabi:
Yawancinsu sanyaya abu kawai suke yi. Ki kira su ki tambaya ko za su sa miki gora biyu a babban firjinsu da dare ki karɓa da safe, wasu suna yi. Ki rubuta lambar ɗakinku a jikin gorar.